Tsohon da Ke Shagon Aski

NUHU: Halo? Halo? Salamu alaikum. Kemis ɗin Makera ne? Don Allah babana, Malam Tanimu, yana kusa?

BABA TANIMU: Wa alaikumus salam. Ni ne. Tun hantsi nake zaune a nan.

NUHU: Baba, ina wuni?

BABA TANIMU: Lafiya.

NUHU: Ya gida? Ya ƙafar?

BABA TANIMU: Da sauƙi.

NUHU: Ya Inna? Hadiza fa, da jaririyar?

BABA TANIMU: Matarka da 'yarka suna wurinmu. An yi suna. A'isha.

NUHU: A'isha. Allah Ya raya ta. Da wa take kama?

BABA TANIMU: Da jarirai. Kana samun abinci?

NUHU: Ina samu. Sai dai sanyin garin nan, ka san...

BABA TANIMU: Ban tambaye ka inda kake ba. Kar ka faɗa.

NUHU: To, Baba. Direban da ke kai mana saƙo ya ce ka ce in bugo da gaggawa. Jami'an tsaron sun sake zuwa nemana ne?

BABA TANIMU: Sun ɗauki Nicholas.

NUHU: Wa? Layin na ƙara, ban ji ba.

BABA TANIMU: Nicholas! Mai askin Nasarawa.

NUHU: Inna lillahi! Yaushe?

BABA TANIMU: Ran Talata. Mutum biyu, cikin farin kaya. Ɗaya har zama ya yi aka yi masa aski. Da aka kakkaɓe masa wuya, ya ce rufe shago.

NUHU: Amma ban sa sunansa ba! Wallahi ban sa ba. Cewa na yi wani shagon aski a hayin kogi, da wani tsoho da ke zama a ciki.

BABA TANIMU: Ka ce madubinsa ya tsage, an liƙe da filasta. Ka ce yana aski yana waƙar coci. Masu aski nawa ne haka a hayin kogi?

NUHU: Don a ji daɗin karatu na sa, ban yi zaton...

BABA TANIMU: An ji daɗin.

NUHU: Me suke so da shi? Ni na yi rubutun, ni suke nema.

BABA TANIMU: Kai ka ɓace musu. Yanzu tsohon suke so. Wanda ya ce ana zane talaka da bulala a layin madara da sabulu, kwalaye kuma na fita ta ƙofar baya zuwa gidajen manya. Sun ce a kawo wanda ya faɗa, ya nuna inda ya gani.

NUHU: Nicholas ya faɗa musu?

BABA TANIMU: Da ya faɗa, da ba da ni kake magana ba. Ya ce masu zuwa aski da yawa, shi ƙeya yake kallo, ba baki ba.

NUHU: Allah sarki.

BABA TANIMU: Jiya matarsa ta zo. Edith. Ba ta yi faɗa ba. Ta zauna a tsakar gida, uwarka ta ba ta ruwa, ta riƙe kofin har ta tashi. An bar ta ta kai masa abinci. Ta ce hannunsa na dama a kumbure yake, da na hagu ya ci.

NUHU: Hannun askin?

BABA TANIMU: Shi.

NUHU: Shi ke nan. Yau zan hau mota. Zan kai kaina.

BABA TANIMU: Ba za ka hau ba.

NUHU: Baba, mutum na shan duka a kaina!

BABA TANIMU: A kaina dai. Kai ka faɗi maganar?

NUHU: Ni na buga ta a jarida. Dokar sojan nan ta huɗu da mai rubutu take, ko gaskiya ya rubuta, in ta kunyata gwamnati...

BABA TANIMU: To, in ka je sai su ɗaure ka, su ci gaba da riƙe shi har ya faɗi tsohon. Me aka yi ke nan? In na je, ba su da sauran tambayar da za su yi masa.

NUHU: In ka je ina? Halo? Baba, me ka ce?

BABA TANIMU: Na ce zan je.

NUHU: Haba! Da hawan jinin? Da wannan ƙafar? A siminti fa ake kwana!

BABA TANIMU: Na sayi magani. Uwarka ta naɗe mini bargo da buta.

NUHU: Ba lallai su sake shi ba. Sai su haɗa ku, ku biyu, su rufe.

BABA TANIMU: To, ya samu abokin hira.

NUHU: Dakata. Ka ji wannan ƙas-ƙas ɗin? Tun ɗazu yake yi. Ana iya sauraronmu. Kar ka ƙara cewa komai, kar ka kama suna.

BABA TANIMU: Ana saurare?

NUHU: Ba mamaki. Don Allah ka yi shiru.

BABA TANIMU: Madalla. Kai mai saurare, barka da aiki. Sunana Tanimu, tsohon ma'aikacin masaƙa, ina Makera. Ni ne tsohon da ke shagon aski.

NUHU: Baba!

BABA TANIMU: Ni na tsaya a layin, ni aka zane a gadon baya, shaidar tana nan. Da idona na ga kwalayen. Mai aski bai ce uffan ba, gemu yake gyara mini. Ina tafe. A daina taɓa masa hannu.

NUHU: Wayyo Allah! Don me ka yi haka? Ka yafe mini, Baba. Ban ma nemi izininka ba na ɗauki maganarka. Ban san za ka gani ba, tunda da Turanci ne.

BABA TANIMU: Duk sati Nicholas na karanta mana, yana juyawa da Hausa. Har muryata yake kwaikwayo.

NUHU: Kana ji duk wannan lokacin? Ba ka taɓa ce mini komai ba.

BABA TANIMU: Me zan ce? Ba ka yi mini ƙarya ba.

NUHU: To ka jira ni, ko zuwa gobe. Mu nemi lauya, mu...

BABA TANIMU: Edith na waje da tasi, direban sai hon yake. Ka zauna inda kake. Kar ka bugo nan kuma, mai kemis na da iyali.

NUHU: Baba, ka saurare ni...

BABA TANIMU: Jaririyar, da kai take kama. Har goshin.

NUHU: Baba? Halo? Halo! Baba!