Ya Rabar da Tantabarunsa

A Kasuwar Kifi ta Baga Road, wata mata ta tsaya gaban wani dattijo mai banda.

"Baba, zaɓo mai kyau. Maigidana soja ne, tun dawowarsa daga daji sai yau ya yi dariya."

"Yana zuwa wajen abokansa?"

"Ko wayarsu ba ya ɗagawa. Amma da sauƙi, jiya ya rabar da tantabarunsa, ya nemi gafarar kowa."

"Wa kika bari wajensa?"

"Haba Baba, kifi na zo saye."

"'Yata, ni ma na sa kaki. Haka aminina ya yi, muka ce sauƙi ne, washegari ya kashe kansa. Kira abokansa yanzu, ku kai shi asibiti. Banda ba ta gudu."