Ciyawar Baba ta shiga gonar citta

Mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ne Yohanna daga wajen Kafanchan.

Marigayi Babanmu ne ya shuka ciyawar Jonson, mai kama da dawa, a bayan gida. Muna yara mukan yanka mu shanya, shanunsa su yi ɓul-ɓul har rani. Dokarsa ɗaya ce: kada dabba ta taɓa sabon tohonta bayan ruwan farko, akwai guba. Bijimin maƙwabcinmu ya ci, bai kai yamma ba.

Yau babu Baba, babu shanu, ciyawar kuma tana cinye mini gonar citta. Matata ta ce in tone ta duka. Jama'a, ku ba ni shawara. Duk ranar da na ɗauki fartanya, sai in ji kamar kabarin Baba zan tona.