Wace Ƙafa Ce, Baba?

A bencin ƙofar ɗakin tiyata, wani dattijo da aka zana wa alama a gwiwa yana ta mita, wata mata na zaune gefensa dafe da ciki.

"Kowa ya zo sai ya tambayi sunana da ƙafar da za a yi wa aiki," in ji dattijon. "Na daina amsawa!"

"Baba, amsa musu, da ƙarfi ma."

"Ke ma'aikaciyarsu ce?"

"Ina! Auduga za a ciro min. A wani asibiti aka yi min aiki, aka ɗinke ni da ita a ciki."

"Subhanallahi! Ba wanda ya lura?"

"Wata nas ta lura, amma ta ji tsoron katse likita. Yau kam, ba mai sa min allurar barci sai na ji kowa ya faɗi sunansa da aikinsa. Wanda ya buɗe baki tun farko, in ya ga kuskure zai iya magana."

Wata nas ta leƙo.

"Baba, wace ƙafa ce?"

"Ta hagu, 'yata! Kira sauran ma su ji."