Rariyar da Dikko Ya Toshe

Salama gare ka mai gabatarwa, da dukkan masu saurare. Sunana Rifkatu, daga Tambuwal. Labarin mijina Ishaya nake so jama'a su ji.

Ruwan gidanmu ta rariya yake fita, ya wuce ta gindin katangar maƙwabcinmu Dikko. Bana da damina ta kankama, Dikko ya cusa duwatsu da laka ya toshe rariyar, wai muna ɓata masa gini. Ruwa ya dawo ɗakinmu, ya jiƙa katifa da buhun gero. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce wa Ishaya mu ma mu riƙa watsa masa ruwan wanke-wanke a ƙofar gida.

Ishaya ya ce, "Rifkatu, ran Lahadi muryarki ta fi ta kowa a majami'a. Yesu ya ce mu ƙaunaci maƙiyi. To ga namu nan bayan katanga."

Ashe ruwan da aka tare a gindin katangar Dikko ya kwanta. Wata safiya katangar ta zube, kowa na hango tsakar gidansa. Kafin danginsa su iso, Ishaya ya kwance zanar rumfarmu ya je yana kafawa.

Dikko ya ce, "Ishaya, mi yak kawo ka?"

Ya ce, "Kama mini can gefen, maƙwabci."

Ranar nan Dikko ya zare duwatsun rariyar da hannunsa. Har yau zanarmu ke rufe da gidansa.

Ina gaida Dikko da iyalinsa. Ishaya kuwa, mai gabatarwa, don Allah ka ɗaga murya in ka zo kan sunansa. Mijina ne.