Hayaƙin Kitse

A cikin bas ɗin safe, wata dattijuwa ta miƙa wa ƙaton mutumin da ke zaune gefenta cingam.

"Ungo, ɗana."

"Na gode Mama, amma na daina shan zaƙi. Mako uku ke nan rabona da shinkafa da burodi, sai nama da ƙwai."

"Ciwo ne?"

"Dabara ce. In aka hana jiki sitaci da sukari, sai ya koma ƙona kitsen da ya tara. Hanta ce ke sarrafa shi, ya zama man da jiki ke tafiya da shi."

"Oho! Ashe ƙonawa kake yi. Shi ya sa tun da ka zauna nake shaƙar hayaƙin."

"Haba Mama! Ai ɗan warin bakin nan shi ne alamar aiki na kyau."

"Ɗan wari? Wa ya sa ka wannan wahalar?"

"Wadda nake nema ce ta ce tumbina ya yi yawa. Wurinta ma za ni yanzu."

"Yanzu? Ku zauna kusa da kusa?"

Mutumin ya kalli cingam ɗin da ke hannunta.

"Mama, cingam ɗin nan, sukarinsa da yawa?"

"Riƙe fakitin duka, ɗana. Da tumbi dai ana iya zama ɗaki ɗaya."