Injin da Ba Ya Barin Tsinke

Muna zaune a tashar Bodinga muna jiran mota ta cika, sai wata tsohuwa ta ƙura wa ƙarafan da ke cinyar wata budurwa ido.

"Wuƙaƙen mi na waɗanga, ɗiyata?"

"Na injina ne, Inna, washi na kai su Sakkwato. Tarakta ke juya shi. In na zura masa reshe ya niƙe, in shimfiɗa a gonar albasa, ƙasa ta riƙe danshi."

"Mace da tarakta?"

"Haya nake yi. Babu irin dariyar da ba a yi min ba a Danchadi, wai boko ya taɓa min kai. Direbobi suka ƙi ɗaura shi, na koyi ɗaurawa da kaina. Bara da ruwan fadama ya ja baya, albasar kowa ta bushe, tawa ta kai kasuwa."

"Danchadi kinka ce? Inda iccen dogon yaron da aka sassabewa bakin fadama?"

"Ni ke kwashe rassan. Ko tsinke injin nan ba ya bari."

"Ai na gani. Manyan icce na masu gona, ƙirare namu na mata, haka munka taso. Da su nike toya masa. Tun bara da leda nike hura wuta. Dubi idona."

Budurwar ta duba. Ta fara naɗe wuƙaƙen a cikin buhu.

"Ban sani ba, Inna."

"Ni ma ban sani ba, ɗiyata. Na aza iccen ne ya daina reshe. Ashe albasa ke ci."