Goron Malam Gambo

Ruwan sama ya tsare Malama Sa'ida a rumfar wani dattijo mai goro a bakin kasuwar Kurmi. Ta rungume takardunta kada su jiƙe.

"Malama, jarrabawa za ki ne?"

"Ina ma, Baba. Gobe zan yi wa malaman makarantarmu bita kan yadda ake yi wa yara tambaya. Wasunsu sun haife ni. In na ce su yi tambaya su ɗan dakata kafin su nuna yaro, dariya za su yi mini."

"Yo wannan sabon abu ne? Malam Gambo namu na Yakasai, Allah ya jiƙansa, in ya jefo tambaya sai ya ciro goro daga aljihu. Ya goge, ya ɓare, ya gutsura. Ba mai ɗaga hannu sai ya gama tauna."

"Bai ɓata lokaci ba?"

"Ni in'ina gare ni lokacin. Kafin ya gama, na harhaɗa amsata a zuci. A ajinsa kaɗai aka taɓa jin muryata."

"Daga baya fa?"

"Aka kawo wani mai sauri, masu hannu a sama kawai yake gani." Ya gyara ganyen da ya rufe goronsa. "Ban gama aji biyar ba."

Sa'ida ta dubi takardun, ta cusa su a jaka.

"Baba, malamanmu goma sha tara ne. Zaɓo mini goro ashirin, masu tauri."

"Ɗayan na wa?"

"Nawa. Ni ma ban taɓa jira ba."